Gwaggo Ba Ta da Kowa

A layin 'yan kayan ɗaki babu mai kiran mai shagon labule da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Sahun-Gaba ake ce masa, kuma ba don sammakon zuwa salla ba. In dai aka ɗaga waya za a ɗauki hoto, na ɗaurin aure ne, na buɗe shago ne, ko na zaman makoki, sai ka ga ya ratsa mutane ya tsaya a tsakiya, ya turo tumbi, ya dafa kafaɗar wanda ya fi kowa girma a wurin. Ya san da sunan, bai kuma taɓa jin haushinsa ba. Shi a ganinsa kirari ne.

Zaɓen shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa ne ya jefa shi aikin alheri. Abokin takararsa, Mai Tayil, ya sayo kekunan guragu ya raba, hotunan suka yi ta yawo a wayoyin mutane har ido ya gaji. Sahun-Gaba ya yi kwanaki abinci ba ya masa daɗi. Ya tambayi farashin keken guragu, da aka faɗa masa sai nan take ya gano cewa raba keke riya ce, kuma shi ba ya riya. Matarsa ce ta kawo masa mafita. Ta ce akwai wani kicin a bayan tsohuwar makaranta inda ake dafa abincin rana ana kai wa tsofaffi da marasa lafiyar da ba sa iya fita, kuma ba kuɗi suke nema ba, direba suke nema mai motar kansa. To ga motar shago nan a ajiye, an rubuta sunan shagon da lambar waya a jikinta da manyan baƙaƙe. Lada da talla a tafiya ɗaya, wa zai ƙi?

Kicin ɗin dogon ɗaki ne mai zafi, manyan tukwane a gefe guda suna huci, kuloli jere a kan tebur. Mai riƙe da wurin gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, kowa Uwar Kicin yake ce mata. Ludayi ba ya barin hannunta, da shi take nuni, da shi take gargaɗi. Ta dubi takalminsa mai sheƙi, ta dubi tumbin, sannan ta miƙa masa rigar direbobi mai ruwan ɗorawa da hula da takunkumin rufe baki da hanci.

"Dokarmu biyu ce, Malam," in ji ta. "Ta farko, abincin nan na wanda ba shi da kowa ne a garin nan. In muka gano mutum yana da ɗan'uwa mai ƙafa da ido, ba kula muke aikawa ba, ɗan'uwan muke nema mu wanke shi tas, mu danƙa masa kayansa. Ta biyu, ba a ajiye kula a bakin ƙofa a gudu. Ka shiga, ka zuba, ka zauna sai ka ga cokali yana shiga baki, sannan ka ɗauko kular jiya. Zaman nan rabin abincin ne."

Sahun-Gaba ya dafa ƙirji ya ce shi ai zaman ne ma ya kawo shi.

A gaskiya bai yi ragwanci ba. Mutum in yana neman abu, ƙafarsa ba ta ciwo. Yana kai wa wani tsohon tela da hannunsa ke rawa, da wata mata da ɓarin jikinta ya shanye, da wani makaho mai yawan tambayar labarin ƙwallo. A kowane gida yakan sauke takunkumi ƙasan haɓa, ya riƙe cokali da hannu ɗaya, waya da ɗaya, ya karkata kai irin na masu tausayi. Da yamma sai hoton ya fita, da rubutu a ƙasa: zumunta a ƙafa take. In ya dawo kicin da kulolin jiya kuwa, sai ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya yi wa masu wanke-wanke huɗuba a kan 'yan zamani da suke yasar da tsofaffinsu. Ya ce da shi ne hukuma, ɗaure su zai riƙa yi. Laifi tudu ne, in ji masu magana, kuma shi ya daɗe a tsaye a kan nasa yana hangen na mutane.

Wata safiya Uwar Kicin ta nuna shi da ludayi.

"An ƙara maka mutum ɗaya. Tsohuwa ce, ta faɗi ta karye a ƙugu, ido ma ya yi rauni. Maƙwabciyarta ce ta zo ta kawo maganar. Gidan benen nan na bayan tashar mota, mai shuɗiyar ƙofa, hawa na uku, ɗakin ƙarshe. Za ka ga tukunyar fure busasshiya a bakin ƙofar."

Ya san gidan, ya san hawan, ya san tukunyar furen, don shi ya taɓa fasa ta farkon da ƙwallo yana yaro. Ɗakin gwaggonsa ne, yayar mahaifinsa, wadda ta ɗauke shi ta raina bayan rasuwar uwarsa.

Ba wani faɗa suka yi ba, kada a yi masa ƙarya. Ranar da ya buɗe shagonsa, Gwaggo ta zo ta zauna a kujerar manyan baƙi, ta shafa wani labule ta ce a gaban kowa wannan wanki ɗaya zai koɗe. Daga nan ta ba masu saye labarin yadda take shanya tabarmarsa kowace safiya har ya kusa gama firamare. Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma ta ciki na ciki. Tun daga ranar ziyara ta koma waya, waya ta koma saƙon gaisuwa ta bakin wani, saƙon ya koma gobe. Goben nan ta haifi 'ya'ya da jikoki. Da labarin faɗuwarta ya iso masa ta wajen wata 'yar'uwarsu da ke wani gari, ya rubuta wa 'yar'uwar Allah ya ba da lafiya, ya ƙudura a ransa zai je ƙarshen mako, sai aka kawo sababbin kaya shago.

Yanzu ga dokar Uwar Kicin ta farko tana kallonsa. In aka gano tsohuwar nan tana da ɗan'uwa mai ƙafa da ido da tumbi da mota, kuma shi ne mai huɗubar nan, to ba kicin kaɗai zai bari ba. Labarin zai riga shi isa layin 'yan kayan ɗaki, kuma Mai Tayil zai ci zaɓe yana kwance.

Ya nemi musanya. Ya sami Tsohon Soja, wani direban, ya ce ya karɓi tsohuwar, shi kuma zai ɗauke masa mutum biyu daga cikin nasa. Soja ya buga gwiwarsa ya ce ita da matakala sun daɗe da raba gari. Ya sami Malamar Lissafi, wadda ta yi ritaya take tuƙa wata ƙaramar mota, ita kuwa ta sauke tabarau ta dube shi ta ce, "Me ya sa?" Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya ce a'a ba komai, dama tambaya ce.

Haka ya hau benen ranar, kula a hannu, hula har gira, takunkumi har ƙarƙashin ido, yana haki. Ya tsaya a bakin ƙofar ya gwada murya uku kafin ya zaɓi wata mai kauri da ke fitowa ta hanci. Ya ƙwanƙwasa.

"Wa ke nan?"

"Daga kicin ne, Mama."

"A buɗe take. Ni da ɓarawo babu abin da za mu ɗaukar wa juna."

Ɗakin ya ƙanƙance fiye da yadda ya san shi. Gado, tebur, rediyo mai eriya da aka ɗaure da zare, da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu a gefen kujera. Gwaggo na zaune kusa da taga, ta rame, idanun sun yi fari-fari, amma bakin yana nan inda ya bar shi. A tagar kuwa labulen da ya ba ta ne ranar buɗe shago. Ya koɗe har ba ka cewa ga launinsa.

Ya zuba mata abinci, ya zauna a bakin gado, can nesa da hasken taga. Ta kai cokali baki, ta tauna a hankali.

"Muryarka kamar mai mura, ɗan nan."

"Haka aka haife ni, Mama."

"Allah sarki. Kowa da tasa jarrabawar." Ta sake kai cokali. "An gaya maka ba ni da kowa ko?"

"An faɗa."

"Da ina da shi. Ɗan ƙanena. Ni na raine shi, da hannun nan. Ya rasu."

Yawu ya sarƙe Sahun-Gaba, ya yi ta tari a cikin takunkumi.

"Me... me ya same shi?"

"Aiki ne ya kashe shi. Kullum aiki ya yi masa yawa, aiki ya yi masa yawa, har aikin ya tafi da shi." Ta ajiye cokali ta juyo da fararen idanun wajensa. "Ba ka ce Allah ya jiƙansa ba. A gidanku ba a koya muku ba?"

"Allah ya jiƙansa," in ji Sahun-Gaba.

"Ya yafe masa kurakuransa."

"Amin."

"Suna da yawa, ka ƙara ƙarfin amin ɗin."

Ya ƙara. Ya sauko benen, da ya zauna a mota ya cire takunkumi sai ya yi ajiyar zuciya. Ba ta gane shi ba. Tsufa ya taɓa ta har ta ɗauka ya mutu. Ya ji tausayinta, ya kuma ji daɗi, kuma daɗin ya fi yawa.

Daga nan abin ya zama na kullum. Dokar zama ta ɗaure shi, Gwaggo kuwa ba ta taɓa gaggawar cin abinci ba. Tsakanin cokali da cokali sai ta buɗe tarihin marigayi. Ta ce kunnuwansa fatan-fatan ne, tun yana jariri take ce masa Kunnuwa. Ta ce yana tsoron kyanwa har ya yi gemu. Ta ce ya taɓa shanye sukarin gida ya ce tururuwa ce, alhali ga shi nan a gefen bakinsa. Maganar tabarma kuwa ba ta wuce kwana biyu ba ta dawo, kowane zuwa da sabon ƙari.

Wata rana abin ya ishe shi, ya ce, "Mama, wataƙila marigayin yana da uzurinsa. Kin san harkar kasuwa."

"Ka san shi ne?"

"A'a."

"To ƙara min miya."

A gidan Gwaggo kaɗai ba ya ɗaukar hoto. A nan kaɗai kuma yake yin abin da ba a sa shi ba. Ya ga famfon banɗaki yana ɗiga, ya zo da sifana ya ɗaure. Ya canja ƙwan fitila. Ya lura ba ta iya yanka nama da cokali, sai ya riƙa yayyanka mata tun kafin ya miƙa. Ranar da ya ga tana lalube tana neman kofin ruwa da ke gabanta, sai da ya juya baya ya gyara takunkumi. Ya ji kunya sosai ranar. Ya yanke shawara zai faɗa mata gaskiya, ya durƙusa ya nemi gafara, ya ɗauke ta ya kai ta gidansa. Amma ba yanzu ba, sai bayan zaɓe.

Ya taɓa zuwa da sabon labule mai kauri daga shago, ya ce kyauta ce daga kicin. Ta shafa shi ta ture.

"Bar min nawa. Na marigayi ne. Na gaya masa zai koɗe, ya yi fushi. Ina so duk wanda ya shigo ya ga ba ƙarya na yi ba."

Zaɓe ya matso. Wata safiya Uwar Kicin ta tara direbobi ta ce masu ba kicin gudummawa suna son ɗan gajeren bidiyo, direba ɗaya da mai karɓar abinci ɗaya, a nuna wa duniya yadda ake aikin. Ta ce ta riga ta zaɓa.

"Tsohuwar benen nan ta aiko maƙwabciyarta ta ce direbanta ya fi ɗan da mutum ya haifa. Kai za a ɗauka, Malam. Amma ranar ka cire wannan abin daga fuskarka, mutane fuska suke son gani."

A rayuwarsa ba a taɓa gayyatar Sahun-Gaba gaban kyamara gabansa ya faɗi ba sai ranar. Ya koma gida ya kasa cin abinci. Matarsa, wadda ta san komai tun makon farko, ta ce masa, "Ka je ka faɗa mata kafin ta faɗa wa duniya. Ramin ƙarya ƙurarre ne."

"Ba ta gani."

"Gwaggo ce fa."

"Na ce miki ba ta gani. Kofi ma sai ta laluba."

Ya kwana yana aunawa. A hannu ɗaya ga Uwar Kicin da ludayinta da dokarta, ga Gwaggo da bakinta a gaban kyamara. A ɗaya hannun ga bidiyo na gaske, da fitilu, da mai ɗauka na gaske, wanda za a iya haskawa a taron 'yan kasuwa Mai Tayil yana zaune yana kallo. Duk wanda ya san Sahun-Gaba ya san hannun da ya rinjaya. Ya sa aka goge masa rigar ruwan ɗorawa, ya je aka gyara masa gemu.

Ranar ɗaukar, ɗakin Gwaggo ya cika. Mai kyamara ya kafa fitilunsa, ya matsar da tebur, ya nemi a sauke koɗaɗɗen labulen, Gwaggo ta ce sai dai shi mai kyamarar a sauke shi daga benen. Uwar Kicin ta tsaya a bakin ƙofa, yau babu ludayi, hannun nata sai neman abin riƙewa yake. Maƙwabciya, wata matashiya da ba ta daɗe da tarewa a gidan ba, ta leƙo da goyonta. Aka zaunar da Sahun-Gaba a kan kujera dab da tsohuwar, gwiwa na taɓa gwiwa.

"Cire takunkumin, Yallaɓai," in ji mai kyamara.

Ya cire. Fitila ta haske shi tas.

"Au, yau fuska gare shi?" in ji Gwaggo. "Matso in gani, ɗan nan."

Ya matsa, ba don yana so ba. Ta sa hannu biyu ta kamo fuskar, ta kawo ta kusa da tata har yana jin numfashinta. Ta shafa goshi, ta shafa kumatu. Sannan yatsunta suka zarce suka ture hular, suka kama kunnuwan nan biyu, suka tsaya a kansu. Ta ɗan ja na dama kamar mai gwada ƙwarin ɗinki. Gumi ya keto masa ta ko'ina. Ya ga shagonsa, ya ga layin 'yan kayan ɗaki, ya ga Mai Tayil yana dariya har da riƙe ciki.

"Mama," in ji Uwar Kicin daga bakin ƙofa, "ki faɗa wa masu kallo. Kina da wani naki a garin nan?"

Gwaggo ba ta saki kunnuwan ba. Mai kyamara ya ɗago kai ya duba ko lafiya.

"Ba ni da kowa," in ji ta. "Daga Allah sai wannan bawan Allah. Ban san uwarsa ba, ban san ubansa ba, amma duk wadda ta raine shi ta iya raino. Kullum sai ya hawo benen nan. Ya zauna, ya saurare ni, ya gyara min famfo. Wanda na raina da hannuna bai yi min rabin haka ba. Allah ya ba shi abin da yake nema."

Uwar Kicin ta share ido da gefen mayafi. Maƙwabciya ta ce Allah sarki. Mai kyamara ya ce wannan ko a fim sai haka, ba sai an sake ba. Sahun-Gaba ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka, har ya samu ƙarfin karkata kai irin na masu tausayi.

Aka naɗe wayoyi aka kashe fitilu, suka yi gaba da kaya. Shi ya tsaya ɗaukar kular jiya, kamar yadda doka ta ce. Ya sunkuya ke nan ƙarƙashin tebur sai ya ji ta a bayansa, da muryar da take kiransa da ita daga taga in magariba ta yi yana wajen ƙwallo.

"Kunnuwa. Tura ƙofar nan."

Kular ta suɓuce ta yi ƙara a ƙasa. Ya tura ƙofar. Ya juyo ya durƙusa a gabanta.

"Gwaggo... yanzu kika gane?"

"Yanzu? Tun ranar farko kana hawa na biyu na san kai ne. Duk garin nan wa ke hawan bene yana jan ƙafar hagu yana haki kamar ubansa? Ka zo kana min magana ta hanci kamar agwagwa." Ta gyara zama. "Kai kana ganin banza aka ƙara maka ni? Yarinyar nan maƙwabciyata ce ta nuna min hotunanka a wayarta, ta karanta min abin da kake rubutawa. Na ji an ce kana rabon zumunta a mota gida-gida. Na ce to bari in aika a sa sunana, ko na samu rabona. Na ce mata ta ce mai motar labule nake so."

Kuka ya zo masa, na gaske, marar kyan gani, wanda ba a ɗauka a hoto. Ya kama ƙafarta.

"Ki yafe min, Gwaggo. Wallahi na yi niyyar faɗa miki. Yanzu zan sauka in gaya wa Uwar Kicin komai, zaɓen ma ya tafi. In ɗauke ki mu tafi gida. In ba kya son tashi, kullum daga gidana za a kawo miki abinci, ni da kaina."

"Kul." Ta janye ƙafar. "Kul ka soma. Ka faɗa mata, ta cire ni, ta mayar da ni hannun wa? Ɗan ƙanena? Ai na gwada shi. Shekara nawa ina zaune a tagar nan ina jiran gobensa."

"Na canja, Gwaggo."

"Riga ka canja. Direban nan yana da Uwar Kicin a kansa da ludayi, yana da masu kallo, in bai zo ba za a tambaye shi. Ɗan ƙanena babu mai tambayarsa sai ni, ni kuwa ya daɗe da daina jin tawa. Ni tsohuwa ce, ba ni da ƙugun da zan sake yin caca da shi. Na riƙe direba."

"To ni fa? Ni ɗin fa, Gwaggo?"

Ta miƙa hannu ta laluba har ta sami kansa, ta shafa shi sau ɗaya a hankali, yadda take yi in zazzaɓi ya kama shi. Ya ɗauka ta sauko. Sai ta ɗauke hannun ta mayar cinyarta.

"Na yi kukansa na gama tun tuni. Marigayi ya kwanta, kada ka tayar min da shi in sake binnewa. Gobe ka zo da takunkuminka. Ɗauki kular, suna jiranka. Kuma ka yi masa addu'a kafin ka fita."

Ya miƙe, ya ɗauki kular. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Allah ya jiƙansa," ya ce, da muryarsa ta ainihi.

"Amin," in ji Gwaggo, ta kunna rediyo.

A ƙasa ya tarar an jeru a jikin motar labule za a yi hoton tarihi. Ya yi niyyar raɓewa a baya, Allah ya sani ya yi niyya, amma ƙafa ta riga ta saba, sai ga shi a tsakiya, hannunsa a kafaɗar Uwar Kicin. A hoton idanunsa sun yi ja sun kumbura. Da aka haska bidiyon a taron 'yan kasuwa, aka nuna hoton a ƙarshe, mutane suka yi ta cewa ka ga mai imani, tsohuwar da bai haɗa komai da ita ba ce ta sa shi kuka haka. Ya kayar da Mai Tayil warwas.

Washegarin zaɓe layin 'yan kayan ɗaki ya cika da masu zuwa murna, aka nemi sabon shugaba aka rasa. Yana can bayan tashar mota yana hawan bene, kula a hannu, yana jan ƙafar hagu. A bakin ƙofar ya tsaya kusa da busasshiyar tukunyar furen, ya daɗe da takunkumin a hannu yana kallonsa. Sannan ya ɗaura, ya ƙwanƙwasa.

"Wa ke nan?"

"Daga kicin ne, Mama."

"Shigo, ɗan nan. Jiya na tuno wani abin da marigayi ya yi, ban taɓa ba ka labarinsa ba."